Yadda za ka zaɓi riga mai gida-gida don hunturu, ka kuma yi addu'a da ita

'Yan'uwa da zarar Disamba ta shigo Jos kowa ya san sanyin nan ba wasa ba ne, sai ka ga samari da 'yan kwayar coci duk sun koma riga mai gida-gida mai dogon hannu. An fi sanin wannan zanen da mutanen Sikotland, har gwamnatin Birtaniya ta taɓa hana maza a tsaunukansu sa kayan gargajiyarsu a 1746 kafin a janye dokar a 1782, yau ga shi muna tsintarsa a gwanjon Katako.

In ka je saye kar ka tsaya kallon kala kawai. Juya rigar ka duba cikinta, in zanen ya fito ciki da waje saƙa ce ta gaske, in kuwa cikin fari ne fat to bugawa aka yi kuma wanki kaɗan za ta koɗe. Duba aljihu da wajen maɓalli ko layukan sun haɗu, sannan ka shafa ka ji, mai ɗan gashi-gashi ita ke riƙe ɗumi. Ɗauki wadda ta ɗan fi ka don ka sa singileti ko suwaita a ciki. Wando kuma baƙi ko jins mara ado, don Allah kar a haɗa gida-gida sama da ƙasa, ido na wahala. Wanki da ruwan sanyi, ruwan zafi na sa ta tsuke.

To ga inda nake so mu daɗe. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki wajen Kolosiyawa 3:12-14 tun da dare ka ajiye kusa da rigar. Manzo Bulus ya lissafa abu 5 da ya ce mu yafa kamar tufa, wato tausayi, kirki, tawali'u, sanyin hali da haƙuri, ya ce a kan duka a sa ƙauna mai ɗaure su. Da safe kana sa maɓalli, kowane ɗaya ka ɗauki hali ɗaya ka kira sunan mutumin da za ka nuna wa shi yau, ba wai "Ubangiji ka ba ni haƙuri" a dunƙule ba, a'a, haƙuri da wane, maƙwabcin nan da ke kunna janareta tsakar dare ko surukarka. Nan ne addu'ar ke yin nauyi, don tausayin da bai ratsa ta kan wani ba kamar zaren tsaye ne da babu na kwance, ba ya zama yadi.

In ka gama ka leƙa akwatinka. A Luka 3:11 Yohanna Mai Baftisma ya ce mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, kuma masu gadi da yaran da ke kwana a tasha sun fi mu jin wannan sanyin. In ka samu rigar da za ka ba wani, ka wanke ta ka goge kafin ka bayar, in maɓalli ya cire ka ɗinka, kuma kar ka jira ranar Kirsimeti don sanyin ya riga ya fara.