Yadda ake tsara gidan hutu da zai dace da hamada

Duk wanda ke da niyyar gina gidan hutu a ƙasar Abzin, ko a bayan garin Agadas ko a kwarin Timiya da Iferwan, ya kamata ya fara da nazarin filin kafin ya nemi mai zane, domin rana da iska da hanyar ruwa su ne za su yanke yawancin shawarwarin ginin.

Matakin farko shi ne zaɓen wurin da za a kafa harsashi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Baƙo yakan ɗauka cewa ruwa ba abin tsoro ba ne a hamada, alhali kuwa ruwan da ya sauka a kan duwatsu a watan Agusta yakan gangaro cikin kori, wato busasshen rafi, da ƙarfin gaske cikin 'yan sa'o'i, kamar yadda aka gani a Satumban 2009, lokacin da korin Telwa ya ɓalle ya rushe gidaje masu yawa a Agadas. Saboda haka a nemi tudu mai tauri nesa da bakin kori, a tambayi masu lambu da makiyayan wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa, sannan a ɗaga harsashin da dutse har ya wuce matakin ƙasa. A kuma guji ƙololuwar tudu, domin gidan da ke can yana shan iska mai yashi ta kowace fuska, kuma yana ɓata kyan dutsen ga mai hangowa daga nesa.

Bayan haka sai a daidaita fuskar gidan. A miƙe tsawonsa daga gabas zuwa yamma, yadda dogayen bangaye za su kalli kudu da arewa, a kuma rage tagogi a bangon yamma, wanda ranar la'asar take gasawa. Ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu take fitowa, a tare shi da katanga ko ɗakunan ajiya.

Mataki na uku shi ne kayan gini, kuma a ganina babu abin da ya kai ƙasar wurin. Bangon tubali mai kaurin kusan rabin mita yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, don haka ɗaki yakan yi sanyi da rana a bazara, ya yi ɗumi a daren hunturu. Mai shakkar ƙarkon ƙasa ya dubi hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, a tsohon garin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Rufin kwano bai dace ba ko kaɗan. Tun da itacen goriba da aka saba rufin soro da shi ya yi ƙaranci, gara a nemi maginan da suka iya rufin tulluwa na tubali zalla, irin wanda masanin gini Hassan Fathy ya farfaɗo da shi a Masar, a kuma sa indararo masu tsawo da za su zubar da ruwa nesa da bango.

Daga nan a jera ɗakunan su kewaye tsakar gida mai rumfa, a buɗe ƙananan kafofi can sama don iska mai zafi ta fita, a kuma yi matakala zuwa saman soro domin kwanan waje.

A wajen ƙawa, a bar gidan ba tare da bene ba, a yi masa yaɓe da ƙasar da aka haƙa a filin, yadda launinsa zai saje da na kewaye. Kada a sare aduwa ko bagaruwar da aka tarar, kuma a manta da koriyar ciyawa da tafkin wanka, domin rijiyar da za a ɗiba ita ce lambunan maƙwabta suke dogara da ita. Faifan sola a ɓoye su bayan rawanin soro, fitilun waje kuma su kasance kaɗan, suna haska ƙasa. A ƙarshe a yi yarjejeniya da magini tun farko cewa zai riƙa duba rufi da indararo yana sabunta yaɓe kowace shekara kafin damina ta faɗi.