Sana'ar datse icce a cikin gari: tun daga ƙasa ake gama rabin aikin

Duk shekara da an shiga watan Mayu zuwa Yuni, hadarin farko ya taso da iskar nan mai jan ƙura, wayata bata hutawa. A nan Katsina, wannan reshen bedi (wato dalbejiya) ya faɗo mashi kan kwano a Ƙofar Ƙaura, wancan turare ya kwanta kan katanga a Sabuwar Unguwa, kowa so yake kazo yanzu-yanzu. To ƙanena, in kana sha'awar shiga sana'ar nan, ba sarar daji nake nufi ba, gyaran itatuwan gidaje da makarantu da masallatai, bari in gaya maka yadda ake riƙe ta, don da yawa sun iya hawa sun iya sara amma basu shekara biyu a ciki ba, kuma ba icce ne ya kore su ba, rigima da masu bada aiki ce.

Kayan farawa basu da yawa. Gatari, adda, zarto na hannu, tsani mai ƙwari, igiya guda biyu, ɗaya ta ɗaure ƙugunka ɗaya ta sauko da reshe, kuma kada ka kuskura ka haɗa su aiki ɗaya. Hular kwano, tabarau, safar hannu, takalmi rufaffe. Silifas ba na hawa bane. Injin zarto kuwa kada kaci bashi don shi, fara karɓar haya har aiki ya kankama. In ka samu hali, Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin su ne aka sani da ƙarko, sai dai jabunsu ya cika kasuwa, kaje da wanda ya sani. Injin nan fetur ɗinshi haɗe yake da mai, in man kamfanin ne ma'aunin 50 da 1 ne, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur, ka zuba fetur zalla ka kashe inji a yini guda. Sarƙa kuma a riƙa wasa ta da magagari, in kaga tana fidda gari maimakon ɓarzajjen katako to ta dakushe.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kada ka taɓa yanka farashi ta waya, ko da an turo maka hoto ta WhatsApp, hoto baya nuna rami a cikin icce, baya nuna gara, baya nuna zuma ko rina da suka yi gida a sama. Kaje da ƙafarka, ka zagaya iccen, ka buga gindin da bayan gatari kaji ko yana amsawa kamar ganga, ka duba ina ya karkata, me ke ƙarƙashinshi, kwano ne, tankin ruwa ne, garken awaki ne, wayar wuta ce. In reshe na kusa da babbar waya, ba aikinka bane sai an kashe layin, mai gida yaje ofishin KEDCO ya sanar, kuma kada ka yarda da "ai yanzu babu wuta", wuta bata sallama in zata dawo.

Sannan tambaya ta farko kafin ma maganar kuɗi: Alhaji, iccen nan na wa ne? Kar kaji kunya. Wanda ya kira ka wataƙila ɗan haya ne, mai gidan yana Kaduna bai san ana yi ba. Ko gidan gado ne ba'a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya gaji da sharar ganye. Na taɓa kada wata tsamiya a wani gida bisa maganar babban ɗa, washegari ƙanwarshi tazo tana hawaye, ashe mahaifinsu marigayi a gindinta yake karatu da hantsi, kuma ba wanda ya shawarce ta. An biya ni kuɗina cas amma har yau in na tuna raina baya mani daɗi, tsamiya ce da ta girmi duk wanda ke gidan. Tun daga ranar in gidan gado ne sai naji bakin mutum biyu ko ukku. In iccen ƙofar gida ne da majalisa ke zama ƙarƙashi, a sanar da mai unguwa. In na bakin titi ne ko na filin gwamnati, sai da takarda daga ma'aikatan gandun daji ko Ma'aikatar Muhalli, kuma takardar ka ganta da idonka, don in aka zo kamu wanda ke riƙe da gatari ake fara riƙewa.

Wani abu da yara masu tasowa ke mantawa, in ka hau sama kana ganin tsakar gida huɗu ko biyar. Aika yaro tun jajibiri ya shiga maƙwabta yace gobe da safe za'a hau icce, mata su kimtsa, a killace yara, a kwashe shanya. Da ka hau kuma idonka na kan reshe. Wallahi wannan kaɗai ya jawo mani aiki fiye da duk wata talla, Hajiya ce zata cewa maigidanta a kira yaron nan mai kunya.

Ciniki kuma a rarrabe shi dalla-dalla, a nan ne ake yawan ɓatawa. Datsewa ne ko kadawa. In datsewa ne, ka nuna rassan da hannu ɗaya bayan ɗaya, ni har alli nake sa masu. Itacen da aka sauke na wa ne, don in naka ne zaka kai wa masu gidan burodi ko masu tsire, kaga sai ka rage mashi kuɗin aiki, in nashi ne to faskare ciniki ne daban. Kwashe ganye da kuɗin kura ko a-kori-kura wa zai biya. Kututture za'a bari ko za'a tone, tono aiki ne mai zaman kanshi, kuma ka gaya mashi gaskiya cewa bedi da turare in an bar kututture sai sun sake tofowa, kada bayan wata ukku yace ka cuce shi. In an fasa kwano ko an tsage katanga fa? Ni nakan ce abin da na fasa da sakacina ni zan gyara, amma tsagar da na tarar sai na ɗauke ta hoto a gabanshi kafin in fara. In kun gama, ka maimaita komai a saƙon murya ka tura mashi ya amsa da "na yarda". Ba rashin yarda bane, mutum ne da mantuwa. Ka karɓi kafin alƙalami da zai isa mai da sallamar yara, sauran a biya ranar da aka gama kafin ka naɗe igiya, tiransifa ko hannu da hannu. Bashi a sana'ar nan wuyar fita gare shi, don da reshe ya sauka hankalin mai gida ya kwanta.

Kan saran kanshi, babban reshe ba'a cire shi da yanka ɗaya, nauyinshi zai ɓare ɓawon har gindi. Yanka ukku ake yi. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya da rabi daga jikin iccen, ka shiga kashi ɗaya cikin ukku. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, reshen ya faɗi ko igiya ta riƙe shi. Na ukku ka cire guntun da ya rage daidai bayan kumburin nan da ke wuyan reshe, kada ka aske kumburin, da shi icce ke rufe ciwonshi. Kuma a daina shafa baƙin mai a wurin, baya warkar da komai. Kada ka ɗebe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen a zuwa ɗaya. In kadawa ne, ka fidda baki ta gefen da kake so ya faɗi, ka yanko ta baya ka bar ɗan tsakani da zai riƙe shi yana tafiya a hankali, kowa ya matsa nisan tsawon iccen sau biyu, kai kuma ka san hanyar da zaka ja baya tun kafin ka tada inji. Tsinin injin kada ya taɓa komai, nan ne yake zabura ya dawo fuska. Kuma ba'a aikin nan mutum ɗaya, ko yaya ƙanƙantarshi.

Zaka haɗu da mai cewa a gundule bedin duka a bar gungume, wai ya huta. Ka lallashe shi. Rassan da zasu fito bayan gundulewa basu da riƙo, su ne iska ke fara karyawa, kuma zafin Afrilu a Katsina ba abin da zaka cire wa gida inuwa bane. Jiharmu na cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar itatuwa don tare hamada ya shafa, wanda ya bi hanyar Daura zuwa Mai'adua ko Zango ya san abin da iska da rairayi ke yi inda babu icce. Sau da yawa rassa ukku zaka cire matsalar ta ƙare, kuɗin yau ya ragu amma bayan shekara biyu kai zai sake kira. Gawo a gona kuwa ni bana kada shi ko nawa za'a bani, icce ne da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana ya taki ƙasa, da rani ya ciyar da dabbobi. Mangwaro kuma a bari sai an gama cin 'ya'yan.

Ka samu ɗan littafi kana rubuta gidan da kayi aiki, irin iccen da watan da ka taɓa shi. Da an shiga Fabrairu zuwa Maris ka fara bin su ɗaya-ɗaya, Alhaji damina na tafe, in zo in duba bedin nan kafin iska? A wannan lokacin aikin a natse yake, icce na tsaye, ba wanda ke ihu a kanka. Bayan ruwan farko kuma ka sake bugawa kaji ko lafiya. Inda dole ta sa na kada icce, nakan koma da dashe guda a leda cikin watan Yuli in ƙasa ta jiƙa, in haƙa ramin da kaina nesa da katanga da shadda, in ce wa yaran gidan su kewaye shi da ƙaya saboda awaki.