Ajiye wake a jarka ba tare da magani ba

Jama'a, jarkar man gyaɗa mai lita 25 idan ta ƙare kada ku sayar. Ku wanke ta, ta bushe ƙarau, ku zuba wake a ciki.

Amma ku shanya waken sosai tukuna. Ku ciza ƙwaya ɗaya. In ta fashe ƙas, ya bushe. In ta lotsa, a mayar da shi rana. Ku cika jarkar har wuya kuna jijjigawa don ya zauna, ku sa leda a baki, sannan ku murɗa murfin da ƙarfi.

Ƙwaro ma numfashi yake yi. Idan iskar ciki ta ƙare, shi da ƙwansa duk mutuwa suke. Ba sai an zuba maganin feshi a abincin yara ba, abin da ke ci mini rai duk sanda na gani a kasuwa.

Bara na cika uku bayan girbi. Ta ƙarshe sai a Yuli na buɗe, lokacin da mudu ya yi tsada. Wake fes, ko huda ɗaya babu.

Dabarar ba ta aiki da jarka mai tsaguwa, kuma wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir a guje ta. Kada a riƙa leƙawa, a bar ta a rufe aƙalla wata biyu. Wadda aka buɗe, a fara cinye ta.