Yadda za ki riƙa addu'a da tsohuwarki in ƙarfi ya ƙare

'Yar'uwa, in kina da tsohuwa a gida wadda ƙafa ta hana ta zuwa coci, kar ki bari addu'arta ta mutu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan, a Afrilun 2023 da yawa aka watse, wasu Gadarif wasu Kasala a gabashin ƙasar, ga tsada ga magani babu, to tsofaffi su ne abin ya fi ci a rai.

Ki zaɓi sassafe kafin zafi ya taso. Ki ɗora shayi ko jabana, wato gahawa, ki zauna bakin gadonta, ba sai ta durƙusa ba, Ubangiji na ji ko a kwance take. Ki buɗe Zabura 71, ni dai ban ga wadda ta kai ta dacewa da tsoho ba, a aya ta 9 mai zabura yana roƙon kada Allah ya yashe shi in ya tsufa. Sai Ishaya 46:4, inda Allah ya yi alkawarin ɗaukar mutanensa har furfura. Ki karanta a hankali, in ta tsaya tana hawaye ki ƙyale ta, kar ki ce "Mama ki yi haƙuri" da sauri haka, kukan ma addu'a ne.

Daga nan ki ce ta ambaci jikokinta ɗaya bayan ɗaya, har wanda wayarsa ta daina shiga. Ku rufe da Addu'ar Ubangiji, wannan ko mantuwa ta fara kama ta za ki ji bakinta na bi.

Ranar da aka kawo wuta kuma ki yi cajin waya ki sauke mata Littafi Mai Tsarki na sauti da Hausa, don idonta ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu.