Yadda ake bai wa na'ura adireshin da za ta gane a kanel ɗin Linux

Duk yaron da ya zo shagona, nan ƙauyenmu da ke gefen Ringim, yana son koyon rubuta direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kanel, zuciyar Linux, abu na farko da nake hana shi shi ne miƙa wa na'ura adireshin da kmalloc, fankishin neman wurin ajiya a kanel, ya ba shi. Wannan adireshin laƙabi ne. Furosesa ce kaɗai ke gane shi, don tana da wani sashe mai suna MMU mai duba teburi ya gaya mata inda kowane shafi mai bait 4096 yake a zahiri cikin RAM. Katin intanet ko na faifai, idan ya tashi ɗiban bayanai da kansa ta DMA, wato kai tsaye daga RAM ba tare da furosesa ba, ba ya bi ta wannan teburi. Ka ba shi laƙabi, sai ya je ya yi rubutu inda ba a aike shi ba.

Kada kuma ka yi wayon kiran virt_to_phys, mai mayar da laƙabi adireshin zahiri. A wata kwamfutar zai yi aiki, a wata ya ƙi, domin idan akwai IOMMU, wato MMU na na'urori, a tsakani, na'urar ma tana da nata adireshin laƙabin daban, shi ke fassara mata. Intel na kiransa VT-d, AMD na cewa AMD-Vi, ARM kuma SMMU. Adireshi uku ke nan: na furosesa, na zahiri, da na na'ura. Na ukun kake nema, kanel ne kuma zai ba ka shi.

Da farko ka faɗa wa kanel iyakar hannun na'urarka da dma_set_mask_and_coherent. In ka yi shiru, zai ɗauka bit 32 take iya kaiwa, wato gigabait 4 na farko. Idan bayananka suna sama da inda take kaiwa, babu kuma IOMMU, kanel zai riƙa kwafe su zuwa wani wurin ajiya da ke ƙasa mai suna swiotlb, wanda bisa al'ada megabait 64 ne kacal. Aiki zai tafi, amma da jan ƙafa.

Sai neman wuri. Abin da furosesa da na'ura za su riƙa leƙawa kullum, kamar jerin umarnin katin intanet, ka nemo shi da dma_alloc_coherent. Adireshi biyu zai ba ka: ɗaya naka, ɗaya nau'in dma_addr_t, shi za ka rubuta a rajistar na'ura. Don saƙon da za a aika sau ɗaya a wuce kuwa, ka ɗauko wuri da kmalloc, ka kira dma_map_single, ka faɗi alƙibla: DMA_TO_DEVICE in na'ura za ta karanta, DMA_FROM_DEVICE in ita za ta rubuta. Nan take ka duba sakamakon da dma_mapping_error. Yara na yawan tsallake wannan layi, ni kuwa ba na ko duba aikin da babu shi.

Daga nan wurin ya zama gonar jingina. Sunanka na kai, amma ba ka shiga da fartanya sai ka fansa da dma_unmap_single. In dole sai ka leƙa kafin a gama, ka karɓa da dma_sync_single_for_cpu, ka mayar da dma_sync_single_for_device. Furosesa tana riƙe kwafin bayanai a 'yar ma'ajiyarta ta kusa, kuma a allunan ARM da yawa na'ura ba ta ganin abin da ke ciki. A laftof ɗin x86 irin waɗanda muke sayowa a Farm Centre ta Kano kuskuren zai iya ɓuya, ranar da ka koma kan ƙaramin allo ya fito fili.

Wuri biyu ba a jinginar da su ta dma_map_single. Abin da vmalloc, wani fankishin neman wuri, ya bayar a jere yake a idon furosesa, amma shafukansa a warwatse suke cikin RAM. Haka ma ƙananan ma'ajiyoyin da ka ayyana cikin fankishin, domin tun Linux 4.9 na shekarar 2016 tarin da suke zama a kai, wato stack, ya koma irin na vmalloc a x86 mai bit 64. Idan kuma wurin na manhajar mai amfani ne, ka kafe shafukan da pin_user_pages don kada kanel ya ɗaga su, sannan ka miƙa jerinsu ga dma_map_sg.

Don sanin ko IOMMU ɗinka na aiki a kwamfuta mai furosesar Intel, ka kunna VT-d a BIOS, ka ƙara intel_iommu=on a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ka sake tayar da kwamfuta. Nemi kalmar DMAR a dmesg, inda kanel ke rubuta saƙonninsa, ka leƙa /sys/kernel/iommu_groups. In babu komai a ciki, bai tashi ba.

Gwaji kuwa kada ka yi shi a kan kwamfutar da kake buga wa mutane takardu. Mu da sola muke aiki, ba mu da cajin zubarwa wajen farfaɗo da faifan da ya lalace. QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, na da na'urar koyo, ka tayar da ita da -device edu, lambarta 1234:11e8, hannunta kuma bit 28 yake kaiwa, megabait 256 ke nan. Ka kunna CONFIG_DMA_API_DEBUG, ka bar jingina ɗaya da gangan ba ka fansa ba, ka cire direban, sannan ka karanta ƙorafin da kanel zai rubuta a dmesg.