Masu fito da sarauniya tun da wuri, ga maganinsu

Salam jama'a. Wanda ke buga ces a shafukan Lichess ko Chess.com tabbas ya haɗu da masu wannan buɗewar: fari ya tura soja e4, baƙi ya tura nasa e5 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allon ces), sai kawai sarauniyar fari ta faɗo h5, bishof ya biyo c4, kafin ka ankara an cinye f7 wasa ya ƙare a motsi na 4. Dalili kuwa f7 sarki kaɗai ke tsaronsa a farkon wasa.

To in kai ne da baƙi kada ka rikice. Da sarauniya ta zo h5 fara fito da doki c6 ya tsare sojan e5, don Allah kar ka yi gaggawar tura g6 a nan, za ta cinye e5 da cek (wato hari kan sarkinka) sannan ta ɗauke maka ruk ɗin h8 a banza. Sai bishof ya zo c4 tukuna ka tura g6, ta koma f3 tana neman f7 ɗin dai, kai kuma doki f6 ka toshe hanya. In ta sake zagayawa b3 to doki d4, ko mai fari ya ci f7 da bishof ka matsar da sarki e7, sarauniya c4 ka tura b5, bishof ɗin ya tafi kenan.

Amma fa kar a raina wannan buɗewar gaba ɗaya, shahararren ɗan wasan ces Hikaru Nakamura ma ya buga ta a gasa a 2005. In sarauniya ba ta je b3 ba, bayan doki f6 ka sa bishof g7 ka yi kasil (wato matsar da sarki da ruk a motsi ɗaya don ɓoye sarki) da wuri.