Yadda ake musun Ali da Tyson ba tare da an ɓata baki a banza ba

Musun wanda zai yi nasara a damben boksin tsakanin Muhammad Ali da Mike Tyson ya fi lalacewa tun daga farko, saboda kowa da mutumin da yake nufi. Don haka kafin a ce komai, a tsayar da shekara. Ali na ganiya shi ne na 1964 zuwa 1967, daga karɓe kambu hannun Sonny Liston zuwa lokacin da aka dakatar da shi saboda ƙin shiga soja. Wasan da ya fi nuna shi shi ne na Cleveland Williams a Nuwamban 1966. Tyson na ganiya kuwa shi ne na 1986 zuwa 1988, daga kayar da Trevor Berbick yana ɗan shekara 20 zuwa gamawa da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Wanda ya kawo kayen da Tyson ya sha hannun Buster Douglas a Tokyo a 1990 ya fita daga fagen, domin a lokacin Tyson ya riga ya rabu da mai horar da shi, Kevin Rooney.

Sai ƙa'idoji, waɗanda yawancin masu musu ke tsallakewa. Turmi nawa? A zamanin Ali wasan kambu turmi 15 ne, daga baya aka mayar da shi 12, kuma turmi ukun nan riba ce ga mai dogon numfashi. Faɗin fili fa? Ƙaramin fili na ƙafa 16 yana taimakon mai matsawa, babba yana taimakon mai zagaye. Sannan alƙali: yana barin riƙo ko yana saurin rabawa? Ali ya saba dafe ƙeyar abokin karawa in an matso shi.

Ma'aunin jiki a bi shi da sauri. Tsayin Ali santimita 191, miƙar hannuwansa 198. Tyson 178 da 180. Nauyinsu kusan ɗaya ne, tsakanin kilo 95 da 100, don haka ba hujja a nan.

Inda ya kamata a zauna sosai shi ne salo. A nemo wanda ya fi kama da kowannensu cikin waɗanda ɗayan ya kara da su. Mai goyon bayan Tyson yana da makami mai kyau: naushin hagu mai lanƙwasa. Shi ya kai Ali ƙasa a hannun Sonny Banks a 1962, da Henry Cooper a 1963, da Joe Frazier a turmi na 15 a 1971. Ali yana sauke hannu, yana kauce wa naushi ta hanyar ja da baya tsaye, wannan kuwa shi ne abin da gajere mai sunkuyawa yana shigowa yake nema. Amma a faɗi sauran labarin: duk sau ukun nan Ali ya miƙe.

Mai goyon bayan Ali ya kawo dogayen da suka kai Tyson ƙarshen wasa yana tsakiyar ƙarfinsa: James Tillis da Mitch Green a 1986, James Smith da Tony Tucker a 1987. Tyson ya ci su duka, amma an ga cewa in aka riƙe shi yakan yarda da riƙon, kuma kaɗa kansa na raguwa in wasa ya yi nisa. Babu wanda ya kai Ali saurin ƙafa a cikinsu. Floyd Patterson, wanda shi ma Cus D'Amato, malamin Tyson, ya koyar da irin salon Tyson, ya sha kashi hannun Ali a 1965, sai dai bai kai Tyson nauyi ko ƙarfin naushi ba, kada a ɗora masa kaya da yawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na cewa Holmes da Berbick sun ci Ali, Tyson ya ci su, magana ta ƙare. Ali yana da shekara 38 lokacin da ya kara da Larry Holmes a 1980, shi ma Holmes shekararsa 38 da ya haɗu da Tyson a 1988, bayan ya ajiye safar hannu. Haka nan ba a haɗa ƙafar Ali ta 1966 da juriyar da ya nuna a jikin igiya gaban George Foreman a Kinshasa a 1974 a kira su mutum ɗaya.

A ƙarshe kowa ya ba da hukunci da lissafi: in an kara sau goma, wa zai ci nawa, kuma a wane turmi? A ganinmu haɗarin Ali yana cikin turmi biyar na farko. In ya tsallake su, miƙaƙƙen hagunsa da riƙonsa za su karɓe wasan. A turmi 15 da babban fili muna ba Ali bakwai cikin goma. A turmi 12 da ƙaramin fili da alƙali mai saurin rabawa, sai mu sauko zuwa shida.